Uba da Usur a Wuya



Yau maganar ƙwallo za mu yi, amma ba ta Firimiyar Ingila ba, ba kuma ta Real Madrid da Barcelona da ake ta da jijiyar wuya a kansu a gidajen kallo ba. Ƙwallon da ake bugawa a bayan gidajenmu nake nufi. Duk unguwar da ka shiga a Kano ko Zariya ko Jos ko Maraɗi, da an idar da sallar la'asar za ka tarar yara sun cika filin makarantar firamare, ko wani kango da mai shi bai kai ga ginewa ba. An kafa duwatsu biyu a matsayin raga, ƙura na tashi, wasu da takalmi wasu ƙafa a ƙasa. A gefe kuma akwai mutum guda da usur a wuya, wanda kowa ke ce wa koci. Malam mai sauraro, idan ɗanka na cikin yaran nan, ina tambayarka: ka san sunan wannan koci? Ka san gidansu? Ka taɓa tsayawa ka ji irin maganar da yake faɗa wa ɗanka?

Galibi za ka samu saurayi ne wanda shi ma ya buga ƙwallo, ya yi burin zuwa Turai, Allah bai nufa ba. Babu mai biyansa ko sisi. Da yawansu mutanen kirki ne, da kuɗin aljihunsu suke sayen ƙwallo da ruwan leda, kuma sun raba yara da dama da zaman banza da shaye-shaye da daba. Sun cancanci yabo. Amma su kaɗai muka bar wa aikin. Mu iyaye maza, abin da muka iya shi ne faɗa idan yaro ya dawo da datti a jiki, ko ya makara sallar magariba. Ƙwallo a wurinmu shiririta ce, har ranar da aka ce wani kulob na neman yaron. A ranar ce uba zai tuna ai ɗansa ne, ya sa babbar riga ya zo a yi lissafi da shi.

Ni kuwa ra'ayina shi ne, wurin uba yana bakin filin nan tun daga farko, kuma wasu daga cikinmu ya kamata su ɗauki usur ɗin da kansu, kyauta, don Allah da kuma don 'ya'yan unguwa.

Wannan ba sabon abu ba ne a duniya. A Amurka akwai wata ƙungiyar ƙwallon yara da ake kira AYSO, wadda aka kafa a 1964 a garin Torrance na jihar Kalifoniya. Masu horarwarta da alƙalan wasanta 'yan sa-kai ne, akasarinsu iyayen yaran. Mutum zai tashi daga ofis ko shago, ya canza kaya, ya nufi fili ya horar da 'ya'yansa da na maƙwabta. A Norway ma kusan duk wasannin yara a kan wuyan iyaye 'yan sa-kai suke. A ƙaramin kulob na garin Bryne Erling Haaland ya tashi, tare da yaran garinsu, kafin duniya ta san shi. Ba ina cewa mu kwafo tsarinsu sukutum ba, don aljihunmu ba ɗaya ba ne, filayenmu ba ɗaya ba ne. Amma abin da ya riƙe wannan tsari lokaci ne da uba yake bayarwa, kuma wanda ya samu sa'a biyu ya kalli wasan Arsenal a gidan kallo bai isa ya ce ba shi da lokaci ba.

To, mu ɗauka ka amsa kira. Ka sayi usur, ka tara yara ashirin 'yan shekara goma zuwa sha biyu. Jarrabawarka ta farko ba ta dabarar wasa ba ce. Ɗanka ne.

Uban da yake horar da ƙungiyar da ɗansa ke ciki yana tsakanin ramuka biyu. Na farko kowa ya san shi: ɗan koci ne kyaftin, shi ne mai lamba goma, shi ke buga fenareti, kuma ko ya yi wasa kamar wanda bai karya kumallo ba, ba a cire shi. Yara ba sa magana a gabanka, amma suna gani. Yaro ɗan shekara goma ya fi alƙali gane son kai. Da sun gane, an gama. Duk wa'azin da za ka yi musu a kan haɗin kai iska ce ke kwashewa. Rami na biyu kuma shi ne wanda mutanen kirki suka fi faɗawa, musamman mu da al'adar kara da alkunya ta yi wa yawa. Don kada a ce ya fifita nasa, sai uba ya mayar da ɗansa abin huce haushi. Kowa ya yi kuskure a ce masa ba komai, shi ya yi a zazzage masa kwandon faɗa a gaban abokansa. Kowa ya ci ƙwallo a tafa masa, shi ya ci uban ya kau da kai. A taso daga fili kuma a ɗora daga inda aka tsaya, a kan babur, a kan tabarmar cin tuwo, har uwar yaron ta sa baki. Wannan yaro ya yi asara biyu: bai samu koci mai adalci ba, kuma ya rasa uban da zai koma wa ya huta.

Maganin da na ga ya fi dacewa mai sauƙi ne. Kada uba ya yi aikin shi kaɗai. Ya nemi wani uban su haɗu, ko ya riƙe wannan saurayin da ya tarar a filin, su yi yarjejeniya: gyaran ɗana a bakinka yake, gyaran ɗanka ko ƙanenka a bakina. Sannan da an hura usur na tashi, koci ya tsaya a fili, Baba ne zai koma gida da yaron.

Jarrabawa ta biyu tana zaune a benci. Kowace ƙungiya tana da shi: yaron nan da ba ya fashin atisaye, shi ne farkon zuwa, shi ke ɗauko ƙwallo idan ta faɗa kwata, amma ƙafarsa ba ta jin magana. Ranar wasa da unguwar maƙwabta, ana ɗaya da ɗaya, saura minti goma, yana ta kallonka. Za ka sa shi? Daga cikin dokokin waccan ƙungiya ta Amurka akwai cewa kowane yaro sai ya buga aƙalla rabin wasa, gwani ne ko ba gwani ba. Norway ta wuce nan. Tun 1987 hukumar wasanninta ta kafa ƙa'idojin wasannin yara, kuma a tsarin da suke bi ba a fitar da jerin wane ne na ɗaya wane ne na ƙarshe kafin shekara 11, ba a gasar zakaran ƙasa kafin shekara 13. Wani zai ce wannan ai ragwanci ake koya wa yara. To ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan shida ba ita ce ta fi kowa lambobin yabo a gasar Olamfik ta hunturu ta 2018 da ta 2022. Dalilin a fili yake. Yara ba sa girma lokaci guda. Wanda ya fi kowa tsawo da gudu yana ɗan sha ɗaya, sau da yawa watanni kawai ya ba sa'o'insa, ko jikinsa ne ya riga nasu buɗewa. Ɗan tsurut ɗin da ka ajiye a benci yana iya zama shi ne ɗan ƙwallon gaske nan da shekara biyar, idan bai gaji da zaman benci ya daina zuwa ba. Idan kuwa ya daina zuwa, ka san ba gida zai zauna ba. Akwai wata majalisa a bakin kwalbati da ba ta ajiye kowa a benci, kowa ya zo za a miƙa masa nasa kason.

Saboda haka ni a wurina, ma'aunin kocin yara shi ne: cikin ashirin ɗin da ka fara da su bana, nawa ne suka dawo baɗi? Kofi kuwa, idan ya zo madalla.

Maganar kofi ta kawo mu ga cutar da ta fi kowace cin ƙwallon yara a ƙasar nan, wato rage shekaru. Najeriya ta ɗauki kofin duniya na matasa 'yan ƙasa da shekara 17 sau biyar: 1985 a Sin, 1993 a Japan, 2007 a Koriya ta Kudu, 2013 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ƙarƙashin koci Manu Garba, sai 2015 a Chile. Babu ƙasar da ta kai mu. Abin alfahari ne, kuma cikin waɗannan yara an samu irin su Nwankwo Kanu da Kelechi Iheanacho da Victor Osimhen. Amma kowa ya san raɗe-raɗin da suka daɗe suna bin wasannin matasa a nahiyarmu, har ta kai hukumar FIFA ta fara amfani da na'urar ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu a 2009 don kimanta shekarun 'yan wasa. A 2016, ana shirin karawa da Nijar a wasan neman gurbin gasar Afirka ta 'yan ƙasa da 17, 'yan wasan Najeriya 26 suka kasa tsallake wannan gwaji. Nijar ta fitar da mu, muna riƙe da kofin duniya, ta kuma wuce har gasar duniya ta 2017 a Indiya, karonta na farko. Masu sauraronmu na Damagaram da Yamai, na san ba ku manta ba.

Gwajin na'ura ba wahayi ba ne, yana iya kuskure a kan wani yaron. Amma tambayar ita ce, a ina aka fara koyon wannan ɗabi'a? Ba a Abuja ba. A gasar unguwa ake farawa, ranar da koci ya ɗauko ƙato mai shekara sha shida, ya sa aka aske masa ɗan gashin baki, ya ce wa alƙali sha uku gare shi. Yara goma sha tara suna tsaye suna kallon babba yana shirga ƙarya, kuma suka ga ƙaryar ta ci kofi. Wane darasi ya rage ka koya musu bayan wannan? A nan ne uba ya fi kowa amfani a fili. Ya san ranar sunan yaran nan, wasu ma ya ci tuwon sunansu. Ba za a kawo masa ɗan maƙwabcinsa a ce masa ga shekarunsa ya yarda ba, sai dai idan da shi aka haɗa baki. Uban da ya yarda a rage wa yaro shekara don kofin roba, gara ya ajiye usur ɗin ya koma gidan kallo.

Sai maganar harshe. Akwai masu ganin cewa koci sai da tsawa da ashar, wani ma har da bulala ko tsallen kwaɗo a rana. Yaron da yake tsoron kuskure ba ya gwada yanka, ba ya neman a ba shi ƙwallo. Da ta zo ƙafarsa zai doka ta gaba don ya rabu da masifa. Haka ake kashe gwaninta tun tana ƙarama. Kuma ba lallai sai ka taɓa buga wa Kano Pillars kafin ka horar da 'yan shekara goma ba. Abin da suke buƙata shi ne su taɓa ƙwallo da yawa. A raba su huɗu-huɗu ko biyar-biyar a ƙaramin fili, a ba su ƙwallo daidai ƙafarsu, mai lamba huɗu, ba ta manya mai lamba biyar ba, a rage dogon jawabi da layin jiran bugu. Wanda bai sani ba ya tambayi tsofaffin 'yan wasa, kowane gari akwai su, kuma da yawansu jira suke a tambaye su.

Idan iyaye suka fara zuwa kallo, wata sabuwa za ta taso, gara in faɗa tun yanzu. Za ka samu koci goma a bakin layi, kowa na yi wa ɗansa ihu: buga! riƙe! koma baya! Yaro ya rasa muryar da zai bi. Wani kuma zai tare ka bayan wasa, ya ce Malam, me ɗana ya yi maka ka cire shi? A tara iyaye tun kafin a fara, a gaban mai unguwa idan da hali, a faɗa musu ƙa'ida: kowane yaro zai buga, tafi da ƙarfafa gwiwa naku ne, umarni na koci ne, alƙalin wasa kuma ba a zaginsa ko da ya yi kuskure.

Yanzu ga ɓangaren da ba ma son tattaunawa. A ƙarshen 2016 wani tsohon ɗan wasa a Ingila, Andy Woodward, ya fito ya bayyana cewa kocinsa ya yi lalata da shi tun yana yaro. Bayansa ɗaruruwan mutane suka fito da irin wannan labari game da masu horarwa daban-daban. A 2018 kotu ta yanke wa wannan koci, Barry Bennell, ɗaurin shekara 30. Mutum ne da iyaye suka amince da shi, suna barin 'ya'yansu su kwana a gidansa, saboda ana ganin shi ne ƙofar shiga manyan kulob. Kada wani ya ce wannan sai Turai. Duk inda babba guda yake riƙe da burin yara, babu idon kowa a kansa, ƙofar ɓarna a buɗe take. Ƙa'idar ba ta da wuya: manya biyu a kowane atisaye, babu kiran yaro ɗaki shi kaɗai, babu kwana a gidan koci, tafiya wasa wani gari kuma sai da sanin iyaye da rakiyar wasunsu. Wannan kariya ce ga yaro, kariya ce kuma ga mutumin kirki daga zargi.

Ɗan'uwan wannan haɗari shi ne ejan na bogi, mai zuwa da waya cike da hotuna ya ce akwai gwaji a Turai, a kawo kuɗin biza da na jirgi. An sayar da gonaki da filaye a kan wannan. Dokar FIFA, sashe na 19 na ƙa'idojin sauya sheƙa, ta hana kai yaro ɗan ƙasa da shekara 18 wata ƙasa don ƙwallo, in ban da 'yan yanayi ƙalilan, kamar idan iyayensa ne suka ƙaura saboda dalilin da bai shafi ƙwallo ba. Duk wanda ya ce zai fitar da ɗanka mai shekara sha biyar, kuma kai ne za ka biya, ka riƙe kuɗinka ka riƙe ɗanka. Ku dubi hanyar da Ahmed Musa ya bi: daga Jos ya zo Kano Pillars, ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, sannan kulob ɗin VVV-Venlo na Holan ya ɗauke shi. A gida ya nuna kansa tukuna. Akwai kuma gasanni na gaskiya da ake ganin yara a cikinsu, irin gasar kofin Ramat da ake yi a Kano don tunawa da marigayi Janar Murtala Muhammad.

Lafiyar jiki kuwa, a taƙaice: a watan Afrilu zafi na haura digiri 40 a yankinmu, don haka ruwan sha dole ne, hutu dole ne, da azumi kuma a sassauta ko a mayar da atisaye bayan an sha ruwa. Yaron da ya bugu a ka har ya ga jiri ya gama wasan ranar, ko ya rantse ya warke. Tun 2015 hukumar ƙwallon Amurka ta hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa sa wa ƙwallo kai, mu ma babu abin da za mu rasa idan muka jinkirta. Targaɗe ko karaya kuma, a sanar da iyaye nan take, kada koci ya mayar da kansa likita ko mai ɗori. Kuɗin karo-karo na jesi da ƙwallo a rubuta a littafi, wani ya riƙe ba kocin ba, kuma maraya ko ɗan mara hali kada a kore shi don bai kawo ba.

Wata dama da uba yake da ita, wadda saurayin koci ba shi da ita, ita ce ta haɗa fili da makaranta. Shi zai iya zuwa wurin malamin Islamiyya a daidaita lokaci, don kada ƙwallo ta ci hadda. Shi zai iya cewa wanda ya yi fashin makaranta ba zai buga ranar Asabar ba, iyaye su mara masa baya. A unguwar Mathare ta birnin Nairobi akwai ƙungiyar wasannin matasa da aka kafa a 1987, inda ƙungiya ke samun maki a teburin gasa idan ta fita sharar unguwa da yashe magudanan ruwa. Ku duba kwatocinmu da damina, ku gaya mini ko ba ma buƙatar irin wannan teburi. Kuma dole a riƙa faɗa wa yara gaskiya: cikin dubu, da ƙyar ɗaya zai ci abinci da ƙwallo. Sauran za su zama teloli da malamai da direbobi da 'yan kasuwa, kuma dukkansu za su buƙaci abin da fili ke koyarwa, wato zuwa a kan lokaci, haƙuri da rashin nasara, da miƙa wa wani ƙwallo alhali kai ma kana son ci.

Ban manta da 'ya'ya mata ba. Su ma jikinsu na buƙatar motsi. A cikin harabar makaranta, da shigar da ta dace, ƙarƙashin kulawar iyaye mata da malamai mata, babu abin da zai hana su guje-guje ko ƙwallon hannu ko ƙwallon raga. Iyaye mata da suka yi wasanni a makarantun kwana suna nan da yawa, a ba su dama.

Kirana na ƙarshe ga masu unguwanni da shugabannin ƙananan hukumomi ne: filayen makarantu da ake yankawa ana jera shaguna, a bar wa yara abinsu, don babu kocin da zai yi horo a kan kwalta. Ku kuma iyaye maza, ba na ce kowa ya zama koci ba. Wannan Asabar ɗin, bayan la'asar, ka bi ɗanka filin. Ka gaisa da kocin, ka tambayi sunansa da na mahaifinsa, ka tambaye shi abin da ya rasa. Idan ruwa ne ka kawo, idan rakiya ce ka yi, idan kuma mataimaki yake nema, ka ce ga ka.